Tambaya da Amsa: Yadda FORTRAN Ke Karanta Lambobi da READ da FORMAT

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ga abu guda, wato umarnin READ da abokin tafiyarsa FORMAT a FORTRAN, tsohon harshen rubuta manhajar kwamfuta, saboda haka na haɗa su wuri ɗaya. A misalan da za su biyo baya, duk inda aka ga alamar _ to gurbi ne da ba a rubuta komai a cikinsa ba, na sa ta ne don ido ya samu abin ƙirgawa.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni ɗalibi ne mai digiri na biyu a fannin injiniyan ruwa, kuma malamin da ke duba aikina ya ba ni wata tsohuwar manhaja in yi lissafi da ita. A farkonta akwai waɗannan layuka biyu:

      READ (5,100) N, X, Y
  100 FORMAT (I5, 2F8.2)

Na rubuta 12 345.60 7 a fayil ɗin bayanai, amma da na sa ta nuna mini abin da ta karanta sai ta ba ni 1234, da 5.607, da sifili, kuma ba ta yi ƙorafin komai ba. Manhajar ce ta lalace, ko kuwa sababbin kwamfutoci ne ba sa jituwa da ita? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, manhajarka lafiyarta ƙalau, abin da aka umarce ta shi ta yi. Kai idan ka dubi layin da ka rubuta lambobi uku kake gani, domin idonka ya saba ɗaukar sarari a matsayin iyaka tsakanin lamba da lamba. READ mai tafiya da FORMAT kuwa gurabe yake ƙirgawa tun daga hagu, ya yanki layin gunduwa-gunduwa bisa awon da aka ba shi, sannan ya mayar da kowace gunduwa lamba, ko da yankan ya ratsa tsakiyar lambar da kake nufi.

Ruwa ba ya tsami banza, wannan ɗabi'a daga kati ta samo asali. Ƙungiyar da John Backus ya jagoranta a kamfanin IBM ta fitar da FORTRAN a 1957 don kwamfutar IBM 704, a zamanin da ake shigar da bayanai ta katunan da ake hudawa, kowane kati da gurabe 80, kowane gurbi harafi ɗaya ko alƙalamin lamba ɗaya. Shi kansa rubutun manhajar a kan wannan awo yake: gurbi na 1 zuwa na 5 na lambar umarni ne, kamar 100 ɗin da kake gani, na 6 alamar ci gaban layi ne, na 7 zuwa na 72 umarnin kansa, sauran takwas ɗin kuma akan sa musu lambar jeri domin idan katunan suka zube a iya sake shirya su. Mutumin da ke da gurabe 80 kacal a kati ba zai yi asarar ko ɗaya wajen raba lambobi ba, sai ya yanke cewa gurabe kaza na kaza ne, mai hudawa da mai karantawa duka su tsaya a kan haka.

Yanzu mu karanta layukanka. Lamba 5 da ke cikin baka ita ce kafar da bayanai za su shigo ta cikinta, a al'adar da ta yaɗu 5 na'urar karanta kati ce, 6 kuma na'urar bugawa. Lamba 100 tana nuni ga FORMAT ɗin da za a bi. N da X da Y mazubai ne da za a zuba abin da aka karanta, bi da bi. I5 na nufin a ɗauki gurabe biyar a mayar da su cikakkiyar lamba marar ɗigo, kuma ya dace da N, tun da a tsohuwar ƙa'idar harshen duk sunan da ya fara da harafi daga I zuwa N na cikakkiyar lamba ne idan ba a faɗi akasin haka ba. 2F8.2 kuwa na nufin a ɗauki gurabe takwas a mayar da su lamba mai ɗigo, a yi haka sau biyu.

Ka ɗora wannan awo a kan abin da ka rubuta, gani ya kori ji. Gurabe biyar na farko sun kama 12_34, manhajar ta yi watsi da sararin ta sami 1234. Takwas na gaba sun kama 5.60_7__, ta sami 5.607. Takwas na ƙarshe babu komai a cikinsu, yankin da babu komai kuma sifili ake lissafa shi. Kowace gunduwa ta fito lamba mai ma'ana a idon na'ura, shi ya sa ba ta tsaya ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna game da irin wannan kuskure, domin da ba ka sa ta nuna maka abin da ta karanta ba, da ka gina babi guda na kundinka a kan 1234. Ga yadda ya kamata layin ya kasance:

___12__345.60____7.00

Ka lura da abu biyu kafin ka koma kan fayil ɗin. Kada ka yi amfani da maɓallin Tab wajen jera lambobin, domin a allo yana kama da gurabe da yawa amma a fayil harafi ɗaya ne tak. Sannan ka buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu mai nuna lambar gurbin da kake kai, ka kuma zaɓi salon haruffa masu faɗi ɗaya. Idan ka ci karo da 3X a wani FORMAT, umarni ne na tsallake gurabe uku, T27 kuma umarni ne na zuwa gurbi na 27 kai tsaye, gaba ne ko baya.

TAMBAYA: Malam, ni malamar kimiyyar lissafi ce, kuma na san maganar ƙirga gurabe. Na jera lambobina daidai, na rubuta 250 a yankin F6.2, sai aka karanta mini 2.5. A wani tsohon littafi kuma na ga an ce 42 na iya zama 42000. Ina neman ƙarin haske a kan waɗannan biyun. Daga wata malama.

AMSA: Malama, kin taɓo wurare biyu da suka fi kowanne kayar da mutane, kuma ɗalibin da ke sama ma ya saurara, domin idan ya jera 7 ɗinsa a gurbin ƙarshe bai sa ɗigo ba, 0.07 zai samu, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Lambar da ke bayan ɗigo a F6.2 aikinta wajen karantawa ya bambanta da aikinta wajen bugawa. Wajen bugawa tana faɗin alƙaluma nawa za a nuna bayan ɗigo. Wajen karantawa kuwa cewa take, idan ba a ga ɗigo a cikin yankin ba, a ƙaddara cewa alƙaluma biyu na ƙarshe su ne na bayan ɗigo. Saboda haka ___250 ya zama 2.50, 012345 ya zama 123.45. Amma da zarar kin rubuta ɗigon da hannunki, to naki ne ke aiki, na FORMAT ya faɗi: __250. zai ba ki 250, kuma 2.5678 zai shigo da alƙalumansa huɗu cur duk da an rubuta F6.2. An yi haka ne don a rage gurbi ɗaya da bugu ɗaya a kowace lamba, abin da ba ƙarami ba ne ga mai huda dubban katuna. Shawarata a kullum ita ce duk lambar da mutum zai rubuta da hannu a yankin F ya sa mata ɗigo, ko da babu komai a bayansa.

Kada a zaci wannan dabara ta mutu tare da katuna. Bayanan kewayen taurarin ɗan Adam da ake rabawa a layuka biyu masu haruffa 69 kowanne, waɗanda ake kira TLE, har yau suna ɗauke da ita. A layi na biyu, daga gurbi na 27 zuwa na 33, ana rubuta adadin da ke nuna yadda hanyar tauraron ta kauce wa cikakkiyar da'ira, kuma ba a sa masa ɗigo. Wanda ya ga 0006703 a wurin, 0.0006703 ake nufi, kuma T27 tare da F7.7 za su karanta shi daidai ba tare da wani ƙarin lissafi ba.

Maganar 42000 kuma gaskiya ce. A ƙa'idar FORTRAN ta 1966, gurbin da ba a huda ba a cikin yankin lamba sifili ne. Wanda ya rubuta 42 a farkon yankin I5, wato 42___, ya rubuta 42000 ke nan, shi ya sa masu huda kati suka horu da tura cikakkiyar lamba zuwa ƙarshen dama na yankinta. Abin ya fi muni a lambobi masu E, inda 1.5E2 ke nufin 150. Idan gurbi ɗaya ya rage a bayanta a cikin yankin, 1.5E2_ ta koma 1.5E20, wato lamba mai alƙaluma 21. FORTRAN 77, wadda aka amince da ƙa'idarta a 1978, ta ba mai rubutu zaɓi: BN a cikin FORMAT na sa a yi watsi da sarari, BZ na sa a ɗauke shi sifili, ana kuma iya faɗin haka tun a umarnin OPEN da BLANK='NULL' ko BLANK='ZERO'. Fayil ɗin da aka buɗe da OPEN ba a ce komai ba, watsi ake yi da sararinsa. Wannan na nufin tsohuwar manhaja da tsohon fayil, ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsu ba, suna iya ba da amsa dabam a yau. Misali, idan wani ya taɓa barin gurbi a tsakiyar 1_5 yana nufin 105, yau 15 za a karanta. Duk wanda ya gaji tsofaffin bayanai ya gwada karanta su da BN, ya sake da BZ, ya kwatanta. Inda suka saɓa, nan ne ake buƙatar idon mutum.

Abu ɗaya bai canja ba ko da BN ko da BZ: yankin da babu komai a cikinsa gaba ɗaya sifili ne. Magabata sun mori wannan, sukan sa farin kati a ƙarshen bayanai, manhaja ta karanta sifili ta gane an gama. Amma ga mai awon kimiyya tarko ne, domin ranar da ma'aunin zafi ya lalace aka bar gurbinsa fayau, manhajar za ta lissafa cewa zafin ranar sifili ne ta cusa shi cikin matsakaici. Maganin da nake bi shi ne in fara karanta layin duka a matsayin rubutu, in duba yankin da kaina, sannan in mayar da shi lamba:

      CHARACTER*80 LAYI
      READ (5,'(A)') LAYI
      IF (LAYI(6:13) .NE. ' ') READ (LAYI(6:13),'(F8.2)') X

READ na biyun daga cikin mazubin LAYI yake karantawa, bai taɓa fayil ɗin ba, kuma FORTRAN 77 ce ta shigar da wannan damar cikin ƙa'ida tare da nau'in CHARACTER.

TAMBAYA: Malam, mene ne amfanin baka ta ciki a wannan FORMAT? Na cire ta don ina ganin ba ta da aiki, sai manhajar ta tsaya a lamba ta tara.

      READ (5,200) N, (A(I), I=1,N)
  200 FORMAT (I5 / (8F10.3))

Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaji.

AMSA: Malam, wannan bakar da ka cire ita ce ke riƙe da umarnin duka. READ ɗin yana fara karanta N, sannan ya karanta lambobi N cikin jerin A, kuma mai rubutun bai san yawansu ba sa'ad da yake rubutawa. Alamar / tana cewa a bar wannan layin a koma na gaba. To a ce N ya zo 20. FORMAT ya tanadi yankuna takwas ne kawai, idan suka ƙare alhali da sauran mazubai, ƙa'ida ita ce a ɗauko sabon layi a koma baya cikin FORMAT a ci gaba. Inda ake komawa shi ne farkon rukunin baka na ƙarshe da ke cikin babbar bakar, idan kuma babu rukuni ko ɗaya sai a koma can farko. Da bakar ciki, ana komawa kan 8F10.3, a karanta takwas, a sake takwas, a ƙare da huɗu, sauran yankuna huɗun a bar su. Da ka cire ta, an koma kan I5, aka yi ƙoƙarin zuba cikakkiyar lamba a A(9) wanda mazubin lamba mai ɗigo ne. Ka yi sa'a da taka ta tsaya, domin akwai tsofaffin tsare-tsaren da ba sa duba wannan saɓani, sai su zuba shirme su wuce.

Akwai wani abu makusancin wannan. Kowane READ sabon layi yake farawa da shi, abin da ya rage a layin baya kuma ya tafi ke nan. Don haka idan ka fitar da maimaicin I=1,N daga cikin READ ka mayar da shi zagayen DO, wato umarnin da ke maimaita aiki, mai READ ɗaya a ciki, za a karanta lamba ɗaya daga kowane layi a zubar da bakwai, fayil ɗin ya ƙare tun ba a je ko'ina ba.

TAMBAYA: Malam, tun da akwai READ (5,*) mai karanta lambobi yadda mutum ya rubuta su, me zai hana a sauya duk tsofaffin FORMAT da alamar tauraro a huta? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata, ga bayanan da mutum zai buga da hannu, ina tare da ke. Tauraron, wanda shi ma FORTRAN 77 ce ta tabbatar da shi, yana raba lambobi da sarari ko waƙafi, 7 kuma 7 yake karanta ta. Sai dai akwai fayilolin da ba zai iya da su ba. A tsohon tsarin fayil na Protein Data Bank, inda ake ajiye siffofin sunadaran furotin, matsayin kowace ƙwayar zarra lambobi uku ne a gurabe 31 zuwa 38, 39 zuwa 46, da 47 zuwa 54, kowacce a awon 8.3. Idan lambobin suka cika yankunansu sai su manne, kamar -100.123-200.456, babu sarari ko ɗaya a tsakani. 3F8.3 zai raba su ba wahala, tauraro kuwa zai ga abu guda da ba lamba ba. Haka kuma tauraro idan bai sami isassun lambobi a layi ba yakan zarce layi na gaba ya ɗebo, don haka awo ɗaya da ya ɓace zai gusar da duk abin da ke bayansa, kuma idan ya haɗu da alamar / a cikin bayanai, kamar a kwanan wata, nan take yake daina karantawa ya bar sauran mazubai da abin da ke cikinsu tun da.

Ko da wanne kika yi aiki, ki saka IOSTAT=K a cikin bakar READ. Bayan karatu, K sifili ne idan komai ya tafi daidai, ƙasa da sifili idan fayil ya ƙare, sama da sifili idan an sami kuskure. END= da ERR= da za ki gani a tsofaffin manhajoji aikinsu ke nan, sai dai su tsalle suke sa a yi zuwa wata lambar umarni. Amma ki sani IOSTAT yana kama abin da ba ya karantuwa ne kawai, 1234 ɗin ɗalibinmu zai wuce ta gabansa da sifili.

Zan ƙara da wani abin da ya taɓa cin mini kwanaki, ko da yake ba wanda ya tambaya, domin na tabbata yana kwance cikin manhajoji da yawa da ake gada. A wani ɗakin bincike da na yi aiki, mun yi amfani da FORMAT guda wajen rubuta fayil da kuma karanta shi, (1PE12.4, F8.2). An sa 1P ɗin ne don lambar farko ta fito da alƙalami ɗaya kafin ɗigo, kamar 3.4560E+02, wanda ya fi daɗin karantawa. Abin da ban lura da shi ba shi ne 1P ba ya tsayawa a kan E ɗin da aka manna shi, yana bin duk yankunan F da E da ke bayansa har ƙarshen umarnin. Wajen bugawa yana ninka lambar yankin F sau goma, wajen karantawa kuma yana raba duk lambar da ba ta da E da goma. Muddin manhajar ce ta rubuta ta kuma karanta, ninkawar da rabawar suna kashe juna, ba wanda ya ga komai. Ranar da na ƙara layuka da hannuna daga littafin awo, na rubuta 345.60 da ɗigonta a gurbinta daidai, aka karanta 34.56, kuma layukana kaɗai ne suka kauce, na manhajar suna nan lafiya. Na zargi awon, na zargi na'urar awon, na sake ƙirga gurabe ya fi sau goma, sai da na sa aka buga kowace lamba nan take bayan READ na ajiye takardar kusa da littafin, sannan na ga duk kaucewar ninki goma ce cif. Gyaran haruffa biyu ne, aka mayar da shi (1PE12.4, 0PF8.2), sai dai ya zama dole mu sake fitar da tsofaffin fayilolin gaba ɗaya, domin lambobin da ke yankinsu na biyu duk a ninke suke sau goma.